Uwar Kaset

Shagon kawuna yana kan hanyar tasha a Funtuwa, ɗaki ɗaya mai ƙofar kwano, kullum cikin ƙaurin dalma da ƙurar auduga. Gyaran rediyo ne sana'arsa ta asali, amma kaset ne ya sa aka san shi. A 1986, ina da shekara 11, mahaifiyata ta sa aka kai ni wurinsa don in rage gantali bayan an tashi makaranta. Aikina na farko shi ne goge kan rikoda da auduga da sifirit. Na biyu kuma, in rikoda ta tauna zare, in zura biro a ramin kaset in riƙa murzawa a hankali har zaren ya koma mazauninsa.

A ƙarƙashin teburinsa akwai wata adakar ƙarfe mai kwaɗo biyu. A ciki yake ajiye abin da yake kira uwa, wato kaset ɗin da aka naɗa a filin wasa, wanda ya ji bakin mawaƙi kai tsaye. Kowace uwa da 'yar takarda liƙe a bayanta da rubutun ajami: garin da aka yi wasan, bikin wane ne, a wane wata, da wace rikoda aka ɗauka. Daga uwa yakan buga 'ya guda ɗaya, daga 'yar nan yake buga na sayarwa, uwa kuwa ta koma adaka. Ina nan ranar da wani attajiri ya zube kuɗin kaset ashirin a kan tebur don a sallama masa uwa ɗaya. Kawu ya mayar masa da kuɗinsa da hannu biyu, ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Uwa ba ta zuwa aro, ba ta kwana a waje."

Da na tambaye shi dalili, bai tsaya dogon bayani ba. Ya zaunar da ni a kan benci ya sa mini uwa. Na ji kalangu tangaran, na ji numfashin mawaƙi kafin ya ɗauko baiti. Ya cire ya sa 'ya, sai na ji wani ɗan huci ya shigo ƙarƙashin kiɗan. Ya sa jika, hucin ya ƙaru, muryar ta dushe. Daga ƙarshe ya ɗauko wani da ya tsinto a kasuwa, kwafin kwafin kwafi, wanda ya kira tattaɓa-kunne. Waƙar dai ita ce, amma kamar ana rera ta a cikin rijiya ana ruwan sama.

"Ka ji?" in ji shi.

"Na ji, Kawu."

"To, abin da ya zube a hanya ba mai tsinto maka shi. Kowa ya sayi jika, ba laifi. Amma dole a samu mutum ɗaya da ke riƙe da uwa."

Da kaka ta yi, amfanin gona ya shigo gida, bukukuwa suka kankama, sai mu shiga ƙauyuka a kan babur ɗinsa. Ni ne a baya, rungume da rikoda mai cin manyan batura shida, da makirufo ɗaure a kan gora. Kawu ba ya kunna komai sai ya fara kai wa mai wasa goro ya nemi izini. Daga nan ya zaga filin yana duba inda janareta take, inda amsa-kuwwa ta fuskanta, da inda iska ke kaɗawa. Ba ya yarda ya tsaya gaban amsa-kuwwa, domin a cewarsa wannan muryar ƙarfe ce, shi kuwa ta mutum ya zo nema. Kaset ɗinmu C-90 ne, minti 45 a kowace fuska, mawaƙi kuwa bai san da wannan lissafi ba. Aikina in tsura wa zare ido, in na ga ya kusa ƙarewa in taɓa gwiwar Kawu, ya juya kaset cikin ƙiftawar ido. Duk da haka, a kowace uwa akwai wani gurbi na 'yan daƙiƙoƙi inda rabin baiti ya tafi ba dawowa. Akwai kuma wata matsalar: rikodar tana daidaita ƙarfin sauti da kanta, saboda haka duk lokacin da mai kalangu ya doka da ƙarfi sai muryar mawaƙi ta nutse, ta ɗan jima kafin ta taso.

A irin wannan yawo na fara sanin Baba mai kukuma, wani dattijo daga wani ƙauye a yammacin Bakori. Ba ya cikin waɗanda gidajen rediyo ke sa wa, bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar sauti ba, amma a ƙauyukan nan biki bai cika ba in bai zo ba. Kafin ya fara yakan goga ƙaro a tsagiya, ya ja izga sau biyu ko uku yana karkata kunne. A jan nan akwai wani kaushi, wani ƙaiƙayi siriri da ke tafiya tare da zaƙin kukuma, kamar yaji a kan tsire. Wannan kaushi shi ne abu na farko da kaset ke cinyewa. A uwa ana jin inuwarsa, a jika babu shi sam.

Ranar 18 ga Yuni 1999 Alhaji Mamman Shata ya rasu, mutumin da Funtuwa ta ɗauka ɗan gida. Kwana da kwanaki shagon Kawu bai rabu da masu neman kaset ba. A lokacin ne na fahimci nauyin adakar nan. Shata ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Ta daren jiya daban, ta yau daban, gwargwadon wanda ke zaune a gabansa. Haka Musa Ɗanƙwairo da ya riga shi tafiya a 1991, haka sauran makaɗanmu. Waƙarsu a fili take rayuwa, cikin kirarin sanƙira da hayaniyar masu liƙi. Duk daren da ba a naɗa ba ya tafi tare da mai shi, wanda aka naɗa kuma yawancin abin da ke yawo a kasuwa jikoki ne da tattaɓa-kunne.

A 2003, ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Kano, na sayi rikodar MiniDisc ta hannu a kasuwar Sabon Gari. Kamfanin Sony ne ya fito da wannan tsari a 1992. Ga ta 'yar ƙarama tana shiga aljihun kaftani, faifanta na ɗaukar minti 74 ba juyi. Da na kai wa Kawu ɗaukar farko na sa masa abin ji a kunne, ya yi shiru, can ya ɗago ya ce, "Ɗan nan, ina hucin ya tafi?" Ranar mun yi murna ƙwarai. Sai daga baya na san cewa tsarin da take amfani da shi, ATRAC, yana ajiye wajen kashi ɗaya ne cikin biyar na bayanan sautin, ya zubar da abin da aka ƙiyasta kunne ba zai yi kewarsa ba. Kuma a wancan zamani abin da ka ɗauka da makirufo ba ya hawa kwamfuta a matsayin fayil. Sai ka haɗa waya ka kunna faifan daga farko har ƙarshe kwamfuta tana sake naɗa, minti 74 na nufin zaman minti 74, in aka ɗauke wuta a tsakiya ka koma farko. A 2004 aka fito da Hi-MD mai iya ɗaukar sauti ba tare da matsi ba, amma albashin malamin makaranta bai kai can ba.

Neman mafita ne ya kai ni ga labarin wasu mutane a Amurka masu irin cutar Kawu. An yi wata ƙungiyar makaɗa, Grateful Dead, wadda ita ma ba ta maimaita wasa iri ɗaya, har a 1984 ta keɓe wuri na musamman a filin wasanta don masoya masu zuwa da rikoda da dogayen sandunan makirufo. Mutanen nan suna musayar abin da suka ɗauka a tsakaninsu bisa sharaɗin ba sayarwa. Da zamanin kwamfuta ya zo, sai suka ƙi yarda a yi musaya da MP3. Suka fara da wani tsari mai suna Shorten wanda Tony Robinson ya ƙirƙiro a 1993, daga baya suka koma FLAC, wanda Josh Coalson ya fitar a 2001 ya bar shi kyauta ga kowa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne kowace ɗauka tana tafiya da 'yar takardar salsala: wane makirufo, wace rikoda, ta wace hanya ta hau kwamfuta, kamar yadda almajiri ke faɗin wurin wanda ya ɗauki karatu. Na ce a raina, ashe takardar ajamin Kawu ce ta sa wata riga.

Da na zo yi wa Kawu bayani, da auduga na yi masa, tunda duk ɗan Funtuwa ya san gidan gurza. Sautin faifan CD ana auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa, minti ɗaya ya ci wajen mega 10. Wannan ita ce auduga a baje, kuma haka fayil ɗin WAV yake, cikakke amma mai cin wuri. FLAC injin danna auduga ne. Yana matse ta ta zama dila, ta koma kamar rabi ko kashi biyu cikin uku na girmanta, amma in ka kwance ka ɗora a sikeli ko ƙwaya ba ta ragu ba. MP3 kuwa ɗiba yake yi ya zubar, har minti ɗaya ya dawo wajen mega 1. Ya fi sauƙin ɗauka, kuma in an yi shi da kyau yana da daɗin ji, amma abin da ya zubar ya zubu. Ko ka mayar da MP3 zuwa FLAC ba ka ƙaru da komai ba sai nauyi, domin kilishi ba ya komawa ɗanyen nama. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Wato dai 'ya ta haifu daidai da uwarta." Na ce haka ne. Ya ce, "Allah mai iko."

A hunturun 2011 aka yi bikin wata jikar Baba mai kukuma. A lokacin ya tsufa, ya daina yawon wasa, amma ya ce wannan da hannunsa zai yi. Ni kuma na tara kuɗi na sayi rikodar Zoom H4n, wadda ta fito a 2009: makirufo biyu giciye a kanta, ƙananan batura biyu, tana rubuta WAV kai tsaye a memori. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye goro, na ce, "Baba, ina neman izini in ɗauka." Ya juya na'urar a tafin hannunsa ya ce, "Wannan 'yar abar ce za ta ɗauke ni? To ɗauki, ɗana. Amma ka ɗauka duka, kada ka rage." Na sa mata safar ulu saboda iska, na roƙi a matsar da janareta bayan katanga, na zauna a tabarma taku huɗu daga gabansa. Na saita ta a bit 24 da awo 48,000 a daƙiƙa, na rage ƙarfin shiga don kalangu ya samu sarari, domin sautin kwamfuta in ya wuce iyaka tsagewa yake yi, ba ya lanƙwasa irin na kaset.

Awa uku Baba ya yi. Tsakanin waƙa da waƙa yana tsokanar ango cewa ya ƙwace masa mata, yana kiran sunayen abokansa da suka riga mu gidan gaskiya, yana tari, yana neman ruwa. Can wajen tsakiyar dare, da ya sauke wata waƙa da ya yi wa amarya, sai uwargidansa, kakar amarya, ta rangaɗa guɗa daga cikin gida, doguwa, har fili ya yi tsit. Baba ya yi dariya ya ce har yanzu da sauranta. Ba juyin kaset, ba nutsewar murya. Na koma Kano da giga 3 da 'yan kai, na matse su zuwa FLAC suka dawo wajen giga 2. Na buga kwafi ɗaya a faifan DVD na kai wa Kawu, duk da na san ba shi da abin da zai kunna shi. Na zuba wani a sabon memori na aika wa ɗan Baba, ina jin na cika alkawari.

A nan na yi kuskuren da ya daɗe yana ci mini rai. Na ba mutum abin da ya dace da kunnena, ban tambayi abin da ke hannunsa ba. Ɗan Baba ya sa memori a wayarsa mai maɓallai, ba ta ga komai ba. Ya sa a 'yar rediyon nan mai cin memori, shiru. Ya gwada a motar wani direba, shiru. A shekarar nan ne ma wayoyin Android suka fara karanta FLAC, su kuwa ba su kai ƙauye ba tukuna. Windows ba ta karɓe shi da kanta ba sai a 2015, iPhone sai a 2017. MP3 kuwa ko'ina ka kai shi ƙofa a buɗe take. Da ya gaji, ranar kasuwa ya kai wa wani yaro mai tura waƙa. Yaron ya yi abin da sana'arsa ta koya masa: ya mayar da shi MP3 mafi sauƙi don ya shiga kowace waya, ya yanka shi waƙa-waƙa, ya zubar da hirar da ke tsakani, ya ɗora tallar shagonsa a farkon kowace, sannan ya goge na asali don memori ya samu wurin wasu waƙoƙin. Ban ga laifinsa ba. Da na aika da MP3 mai kyau tare da uwar, da ba wanda ya taɓa ta.

Wannan yankakken kwafi ne ya bazu daga waya zuwa waya. Na taɓa jin sa a wata tashar mota. Kaushin tsagiya ya zama wani shuu mai kama da ruwa a cikin kwano, hira babu, tari babu, guɗa babu. Ban damu sosai ba a lokacin, tunda uwa tana kwamfutata. Baba ya rasu da daminar 2013. A 2014 wuta ta zo da ƙarfi cikin dare ta ƙona rumbun kwamfutar, masu gyara suka yi iya yinsu ba a ceto komai ba. Memorin rikoda kuwa tuni na sake ɗaukar wasu abubuwa a kansa. Na je wurin Kawu neman faifan nan, na tarar da shi kwance, ciwo ya taɓa masa harshe da tunani, aka duba kantocin shago ba a gani ba. Uwargidan Baba ta bi mijinta a 2016. Duk lokacin da na haɗu da ɗansu sai in ji maganar tsohon tana dawo mini: ka ɗauka duka, kada ka rage.

Kawu ya rasu a 2019. Bayan sadakar bakwai iyalinsa suka ce adaka tawa ce, tunda ni na san abin da ke ciki. Muka fasa kwaɗo biyun saboda mabuɗi ya ɓata. Ga kaset jere kamar yadda na san su, a can ƙasa kuma ga wani abu naɗe a tsumma fari. Faifan DVD ne, da takarda liƙe da ajami: sunan ƙauyen, bikin jikar mai kukuma, watan, sannan kalma ɗaya a ƙasa, uwa. Mutumin da bai taɓa jin abin da ke ciki ba, bai mallaki na'urar da za ta buɗe shi ba, ya ba shi matsayinsa ya kulle. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Hannuna na rawa na sa shi a kwamfuta. Fayil ɗin FLAC yana ɗauke da wani hatimi na lissafi a cikinsa, wanda ake kira MD5, da shi ake gane ko wani abu ya canja daga ranar da aka matse shi. Na sa manhaja ta bincika. Ta gama ta nuna komai daidai. Shekara takwas a cikin zafin adaka, ko ɗigo bai zube ba. Kafin in tashi daga kujerar na yi kwafi uku a wurare daban-daban, na yi MP3 mai kyau don masu ƙananan wayoyi, na rubuta takardar salsala. Tun daga ranar haka nake yi wa duk abin da na ɗauka, kuma in zan tura wa wani ta waya, a matsayin fayil nake turawa, ba saƙon murya ba, don kada a sake matse shi a hanya.

Ranar Juma'a na hau mota zuwa ƙauyen. Na tarar da ɗan Baba a zaure, yanzu da babbar waya a hannunsa. Na zuba masa, ya taɓa, nan take ta buɗe. Muka haɗa da lasifika mai kyau da na zo da ita. Da aka ja izgar farko, kaushin nan ya fito kamar tsohon yana zaune a kan buzunsa, sai zauren ya fara cika. Aka ji tarinsa, aka ji yana neman ruwa, dattawa suna amsa sunayen matattun da yake kira da Allah ya jiƙansu. Da aka zo tsakiyar dare, guɗar nan ta taso daga nesa. Ɗan Baba ya ɗaga hannu.

"Yaya, tsaya. Mayar baya kaɗan."

Na mayar. Ya sunkuyar da kai har ta ƙare, har dariyar mahaifinsa ta biyo baya.

"Inna ce," in ji shi. "Ba mu da muryarta ko ɗaya. Ko a waya ba mu taɓa ɗauka ba."

Ya aika a kira amaryar wancan dare, ta zo da goyo a baya da wasu biyu riƙe da zanenta, ta tsaya daga bakin ƙofa aka sake sa mata. Sai da la'asar ta yi sanyi muka kai ƙarshen awa ukun.

Da zan tafi ya rako ni bakin hanya, yana ta jujjuya magana, can ya ce, "Yaya, na san dokar Kawu. Amma ko za a ba mu aron uwar, mu ma ta kwana a gidanmu ko sau ɗaya?"

Na ce masa, "Wadda ke cikin wayarka ita ce uwar. Ba ta rage komai daga ta cikin adaka ba. Ka ba ƙannenka, ka ba 'yarka, ka ajiye wata inda wuta da ruwa ba za su kai ba. Kada dai ka bari a yanka ta, kada a rage."

A mota ina tunanin Kawu. Shekara talatin yana tsare uwa da kwaɗo biyu, domin a zamaninsa duk fitar da ta yi sai ta dawo da rauni. Da ya ga wannan rana, na tabbata da hannunsa zai buɗe adakar. A daren nan uwa ta kwana a gida huɗu, kuma a kowane gida ita ce.